Dukan da Na Sha a Mokola

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Mutanen Sabo duk lafiya, ban da ni.

Ranar Talata batirin motar Baba ya mutu a unguwar Mokola. Yana masallaci sallar azahar, na buɗe bonet, na maƙala na'urar tayar da mota da ka aiko. Wani ya ɗauka batiri nake sacewa, ya kwarma ihu, "Ole! Ɓarawo!" Suka rufe ni da duka, har aka ɗauko taya da fetur. Baba ya fito a guje ba takalmi, ya murza makulli, mota ta tashi, sannan suka ja baya.

Na rasa haƙori biyu, an yi mini ɗinki shida a goshi. Na'urar ba ta fashe ba, na duba.

Ku sa ni a addu'a. Ka gaida Hajiya, amma kada ta ji zancen fetur ɗin.

Ƙaninka,
Sani