Gwiwar Kawu Hammadu

Kano, 4 ga Yuli

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da su Nana Aisha da duk mutanen gida. Yaya damina a Rano?

Umma, sau uku kina tambayata a waya me ya sa ƙafar Kawu Hammadu ba ta warke ba, ni kuma ina kauce miki. Bakina ya kasa, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san ni na lallashe shi ya baro Kibiya in yi masa aikin gwiwar da kaina. Na'urar da muke aiki da ita, leza, wani haske take harbawa wanda ido ba ya gani, yana cinye naman da ya lalace a cikin gwiwa bayan mun cika ta da ruwa. To duk harbi sai ruwan ya tafasa ya yi kumfa, in kumfar ta fashe sai ta doki abin da ke kusa. Na taɓa ganin haka a gwajin da nake yi da gwiwar saniya. Duk da haka na ƙara wa na'urar ƙarfi, don mutum biyar na jirana a ranar. Guringuntsinsa mai lafiya ya tsage.

Ƙaninki ne, Umma, kuma shi ya kai ni makaranta a kan babur. Ki yi mini addu'a, ranar Asabar zan je in gaya masa.

'Yarki,
Mas'uda

Kano, 11 ga Yuli

Umma,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji saƙonki a bakin Nana Aisha, na gode da ba ki rufe ni da faɗa ba.

Na je Kibiya. Na tarar da Kawu zaune a bakin gona da sanda, wasu na yi masa noman da bai taɓa bar wa kowa ba. Na durƙusa na faɗi komai. Na ce masa yanzu na gano in aka fara da harbi mai sauƙi, aka kuma ja shi ya ɗan daɗe, kumfar ba ta duka da ƙarfi, kuma mata biyu da na yi wa haka suna takawa lafiya.

Ashe tun watan azumi yake zargin kansa, wai don ya koma ban ruwan albasa da wuri ne. Har haƙuri ya so ya ba ni, kunya ta hana shi.

Da zan tafi ya ce, "Gwiwar na yafe miki, Mas'uda. Wata huɗun da kika bar ni ina ganin laifina, wannan ki ɗan ba ni lokaci."

Bai rako ni mota ba, Umma. Zan koma wani satin.

Ki gaishe mini da kowa.

'Yarki,
Mas'uda