Yajin Kawu Dogara

Kawu Dogara,

Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ni ce Jayel, 'yar ƙanwarka. Yaya Kaka, yaya gashin kaji a Kafanchan? Muna lafiya a Doha. Ban yi ƙawa ba tukuna, amma ba komai.

Ran Juma'a Anti Marba, 'yar Jamaika mai aikin jinya tare da Mama, ta gasa mana kazar da suke kira jak. Ta bar ta ta kwana cikin markaɗen attarugu da albasa da citta, sannan ta ɗora a garwashi ta rufe. Kawu, yajin ya ratsa har ƙashi! Ban taɓa ganin hannu irin nata ba sai naka.

Bakina ya suɓuce na ce, "Kawuna sai ta gasu yake barbaɗa yaji." Ta yi dariya ta ce, "To, ƙarshen wata ki gasa mana irin tasa." Kunya ta hana ni cewa ban iya ba. Kuma 'yarta, sa'ata, za ta zo.

Na san ba ka gaya wa kowa haɗin yajinka, amma don Allah ka taimake ni. Allah ya ƙara ciniki. In ka yarda, zan sake rubutowa ka ji ko yarinyar ta nemi ƙari.

'Yarka,
Jayel