Ruwan Gulbinmu Yana Rataye a Bangonku

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu tseren jiragen ruwa na iska, da sakatarenta, da masu fitar da jaridarta ta wata-wata.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da matuƙanku, waɗanda ke gida da waɗanda ke tsakiyar ruwa a yanzu.

Sunana Rabi. Ɗaliba ce ni a ajin ƙarshe na kwaleji, a wani gari cikin karkarar Gidan Sori, jihar Maradi, a Nijar. Ban taɓa rubuta wa manya wasiƙa ba. A aji ma sai an kira sunana sau biyu nake ɗaga kai. Da Hausa na rubuta, malamarmu ta labarin ƙasa, Madam Hajara, za ta mayar muku da ita Faransanci, kuma ta yi mini alkawarin ba za ta sassauta ko kalma ɗaya ba. Ta Hausar za a manna ta a bangon lakol, wato makarantarmu, a karanta wa waɗanda ba su yi boko ba, domin akwai abin da ya kamata mutanen garinmu ma su ji.

Ku ba ku san mu ba, mu kuwa shekara biyu ke nan da sanin ku. Jaridarku tana shigo wa Madam a waya. In ta je Gidan Rumji sai ta bugo ta a takarda, baƙi da fari, ta manna kusa da allo. Ta haka muka san lokacin da kuke fito da jirage tudu ku kankare su ku yi musu fenti, da ranar da kuke koya wa sababbin shiga ɗaurin igiya. Mun san matar nan da ta yi kwanaki ita kaɗai a ruwa, sandar jirginta ta karye, ta ɗaure ta, ta ƙaraso a ƙarshen kowa, kuka fito kuka tarye ta kamar ita ta ci. Lokacin babban tserenku muna da taswira a bango, kowane jirgi da ƙayar aduwa tasa. Duk ranar Litinin Madam ta karanto inda suka kai, mu matsa da ƙayoyin gaba.

Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi faɗi da na sani shi ne gulbinmu in ya cika da damina, shi ma ina hango mutanen wancan ƙetaren, har in gane mai jan zane. Amma idan gero ya yi tsawo, ina dawowa daga lakol ta cikin gonaki, iska ta taso, gonar duka ta kwanta ta tashi, ta kwanta ta tashi, sai in tsaya. Hijabina ya cika da iska ta baya yana tura ni. In saki jiki kaɗan, in ce ashe haka jirgi yake ji. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a can babu sawu. Mu a nan ko akuya ta ɓace ana bin sawunta. Ku kuwa mutum ya wuce, ruwa ya rufe bayansa, na biye da shi sai ya nemi hanyarsa da kansa. A aji nakan daɗe ina wannan tunani har Madam ta buga tebur.

To, ga abin da ya kawo ni.

Bara kun sanar a jaridarku cewa kafin babban tsere, kowace makaranta mai bin labarinku ta aiko da ƴar kwalbar ruwa daga kogi ko tafkin da ya fi kusa da ita. Kuka ce ranar tashi matuƙa za su zuba su cikin teku a bakin tashar jiragenku, a kira sunan kowane ruwa. Madam ta karanta mana. Sai kuma aka tuna cewa bazara ake ciki, gulbi ba komai sai yashi, amalanke ma ta cikinsa take bi. Wasu suka ce a ɗebo na famfo kawai, wa zai gane? Da na koma gida na faɗa wa kakata, wadda muke kira Inna. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kira na Takwara.

Inna ta ce, “Na hwamfo? Ruwan ƙarhe za ku aika wa mutane ku ce gulbi ne? Takwara, gulbi bai tahi ko'ina ba, kwanciya ya yi. Ɗauko ƙwarya.”

Washegari da hantsi muka tafi. Ta wuce wurare da yawa da ni na ga duk ɗaya ne, sai a wata kwana ƙarƙashin gawo ta durƙusa. Da sakaina ta yi tonon, ni ina kwashe yashi. Tsohuwa ce, gwiwoyinta suna damun ta, amma ta hana ni karɓa, wai ni zan rushe ramin. Har hannunta ya shige zuwa kafaɗa babu komai. Can yashin ya yi duhu, ya yi sanyi, sai ga ruwa yana tsattsafowa a hankali kamar ba ya so a gan shi. Muka zauna muna jiran sa ya taru. A nan ta tambaye ni ko ana shan teku, na ce gishiri ne. Ta ce ashe kuwa suna bukatar namu. Da ludayi ta cika ƴar kwalba har baki, ta toshe.

Da na ce gobe zan kai wa Madam, sai ta ce, “Haka tsirara? Ƙasa nawa za shi ƙetare?” Ranar kasuwa ta kai wa baduku. Ya naɗe kwalbar da auduga, ya ɗinke ta cikin jar fata, ya yi mata ado da kore, ya sa mata maratayi. Takardar da na rubuta, mai sunan gulbinmu da na makarantarmu da bayanin abin da ke ciki, ita ma ya naɗe ta jikin kwalbar ya ɗinke da ita. A wurinmu haka ake yi, rubutu mai daraja ciki yake shiga, ba a barin sa a waje. Babu wanda ya ga kuskure a cikinmu. Madam ma da ta gani cewa ta yi babu makarantar da za ta aika da mai kyan namu. Yayanta da ke aiki a ƙasarku ya zo ganin gida, ya tafi da ita, ya miƙa a buronku, wato ofishinku, ya ce daga wata makaranta ce a Nijar.

Bayan tsere jaridarku ta fito. Ga hoton matuƙa a jere suna zuba ruwa, ga sunayen koguna da tafkuna. Na bi su da yatsa har ƙasa, na sake bi. Babu namu. A shafin ƙarshe sai ga jar fatarmu rataye a ƙusa, a zauren da kuke taro, tsakanin wani kofin gasa da hoton tsohon jirgi. A ƙasa an rubuta cewa kyakkyawan kayan ado ne na gargajiya da yara suka aiko daga Afirka, kuma an gode.

Ranka ya daɗe, koke-kokena ga su.

Na ɗaya. Na yarda kuskuren farko namu ne, mu muka ɓoye takardar. Inna kuma ta cika kwalbar sosai, ko an girgiza ba za a ji motsi ba. Amma ruwa kuka ce a aiko, a makon da ruwa ke iso muku daga ko'ina wannan abu ya iso. Yana da wuya irin na kwalba, yana da nauyi. A cikinku babu wanda ya ce bari a tambaya? Mutanen da ke duban gajimare su san abin da iska za ta yi gobe, na ɗauka za su dubi wannan su yi ko da shakka.

Na biyu. Madam ta rubuta muku sau biyu ta adireshin da ke jikin jaridar, sau ɗaya da damina, sau ɗaya bayan girbi. Duka biyun amsa iri ɗaya ta dawo nan take, cewa an samu saƙo, za a duba. Tun daga lokacin jaridarku ta fito sau da yawa. Kun ba da labarin gyaran rufin zaurenku, da liyafar ƙarshen shekara. A hoton liyafar ma na hango kwalbar can baya, saman kan wani mutum mai dariya.

Na uku. Kun sa ranar karɓar ruwa a lokacin da ya dace da tserenku, wannan hakkinku ne. Ina so dai ku sani akwai wuraren da kogi ke zuwa wata uku ya kwanta wata tara. Abin da wasu suka sunkuya suka ɗiba, mu tono shi muka yi.

Na huɗu shi ne mai nauyin, kuma laifin nawa ne. Ranar da na ga hoton, na tarar da Inna tana gyaran wake. Ta ce, “Takwara, ya kai?” Na ce ya kai. Ta ce, “Sun zuba?” Na dubi hannunta, na tuna shi cikin ramin nan har kafaɗa, sai na gyaɗa kai. Ban buɗe baki ba, amma ƙarya ce. Kafin magariba duk unguwa ta ji. Ta faɗa a bakin rijiya, ta faɗa a gidan suna. Ƙawayenta suka sa mata Mai Ruwa a Teku, suna tsokanar ta wai yanzu kifayen Turawa sun san ɗanɗanon hannunta. Takan sa ni in zauna in gaya mata inda ruwanta ya kai yanzu, ni kuma in ƙirƙiro: yau ya wuce wani tsibiri, yau yana ƙarƙashin jirgin matar nan. Wallahi wani lokaci ni ma sai in ga kamar ina ganin sa, ɗan jan ruwa siriri yana tafiya cikin shuɗi bai gauraya ba. Ƴan ajinmu sun san gaskiya, suka rufa mini. Wata da watanni ina haka, kullum ina jiran jaridarku ta gaba ta mayar da maganata gaskiya.

Makon jiya na kasa. Na nuna mata hoton, na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta kai takardar kusa da idonta ta daɗe tana dubawa. Ta ce ɗinkin dai ya yi kyau a bangon. Sannan ta ce ita tun da aka kawo ta garin nan ba a taɓa kama ta da zancen da ba haka ba, yau ga shi ta yi ta yawo da shi gida-gida. Tun ranar ba ta sake tambaya ta labarin jirage ba, ba ta kuma zuwa hirar rijiya.

Saboda haka, ga mutanen garinmu da za a karanta wa wannan: Inna ba ta yi muku ƙarya ba. Abin da na faɗa mata ta faɗa muku. Wanda zai yi dariya ya yi mini.

Ku kuma ga roƙona. Na gani a jaridarku babban tseren bana ya kusa, kuma za ku sake zuba ruwa. Ni kuwa da na rubuta jarrabawa zan bar wannan makaranta, ban san inda za a tura ni ba, ban san ko zan sake samun mai nuna mini jaridarku ba. Ku sauko da kwalbar daga ƙusar nan. Ku ba matuƙi ɗaya, kowane ne, ya zuba tare da na sauran. A kira sunan da ke jikin takardar da za ku tarar a ciki. A ɗauki hoto kusa sosai, yadda za a ga bakin kwalbar da ruwan yana sauka, domin idon Inna ba ya ganin ƙananan abubuwa. Ku aiko wa Madam. Nan gaba kuma, duk abin da yara suka aiko muku daga nesa ba ku gane shi ba, ku tambaye su.

Da na karanta wa Inna wannan wasiƙa ba ta ce ta yi kyau ba, ba ta ce ba ta yi ba. Saƙo kawai ta ba ni, ga shi yadda ta faɗa. A fara warware ɗinkin daga wuya, da bakin reza, a hankali, kada a yanka ta gindi. Fatar ku riƙe, ta bar muku, ku mayar da ita bangonku. Za ku ga laka ta kwanta a ƙasan kwalbar. Kada ku tace. Ku girgiza sosai, ku juye duka.

Allah ya ba ku iska mai kyau, ya tsare jiragenku, ya dawo da kowane matuƙi gun iyalinsa lafiya, na farko da na ƙarshe. Allah ya sa wasiƙar nan ta faɗa hannun mai buɗewa.

Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Rabi, ɗalibar ajin ƙarshe, karkarar Gidan Sori.