Igiyar Shanya da Ciwon Bakin Jikata

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, Allah ya tsare ka a inda kake neman abinci. Mahaifiyarka lafiya, sai ƙafar nan tata. Ni kuwa tun da matarka ta sauka bakina bai rufu ba. Yarinyar goshinka ta ɗauko sak, har nakan ce mata amaryata.

Sai dai murnar ta zo da damuwa. Wani farin abu ya fito mata a harshe da cikin kumatu. Mahaifiyarka ta ɗauka guntun nono ne, ta sa tsumma ta goge, bai fita ba, wurin ya yi ja. Yarinya ta kama nono ta saki da kuka. Uwar ma ashe tana jin zafi a nono kamar ana soka mata allura, har bayan an gama sha, amma ba ta gaya wa kowa ba. A asibiti malamar jinya ta ce ƙwayar cuta ce irin ta funfuna, mai son ɗumi da danshi, uwa da 'ya suna ba juna. Ta ba da maganin baki da na shafawa, ta ce a yi su tare, a riƙa wanke hannu, kada a daina shayarwa, kuma kayan da ke taɓa ƙirji su bushe ƙayau.

Ciwon ya lafa, ya dawo. Sai jiya mahaifiyarka ta gano dalili. Don ɗokin jikata na kafa kujerata a tsakar gida, daidai ƙarƙashin igiyar shanya, nan nake wuni. Matarka kuwa ba za ta iya baza rigunan mamanta a saman kan surukinta ba, sai ta rataye su bayan ƙofa, ta mayar jikinta da danshinsu. Mahaifiyarka ta ce da ni tsohon banza, na tare rana na tare igiya.

Yanzu yarinyar ta rame, uwar tana kuka tana cewa za ta yaye ta ta huta. Ni ba maganar da zan iya yi mata ba ce. Ka kira ta a waya yau, ka lallashe ta ta koma asibiti. Kai za ta ji.

Mahaifiyarka da Auta da gwaggonka suna gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, na makarantar yamma ne, kuma a kan gwiwa nake yi, don na koma ƙofar gida da zama. Daga nan kukan amaryata kawai nake ji.

Ni ne mahaifinka.