Ruwan Ƙarƙashin Tsohon Barikin Soja

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Na rubuto ne a kan aikin da ka bar ni ina yi a Guangzhou shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik. Kai ka tsaya mini har Baba ya yarda na tafi karatu, bisa sharaɗin kana can. Kana unguwar Xiaobei kana auna wa 'yan Kantin Kwari na Kano kaya, ni ina jami'a, ranar Juma'a mu haɗu mu ci taliyar naman rago.

A bayan gari akwai tsohon barikin soja da aka tashi, ana son gina gidaje a filin. Shekaru sojoji suna wanke injinan motoci da wani sinadari mai narkar da maiƙo, suna zubarwa a ƙasa. Ya fi ruwa nauyi, sai ya nitse ya maƙale tsakanin yashi, yana ɓata ruwan rijiyoyi kaɗan-kaɗan. Ko an yi ta zuƙe ruwan da famfo ba ya fita. Dabarar malaminmu ita ce a ɗura wani ruwa dangin sabulu ta wannan rijiya, ya kwance dattin, a zuƙo shi ta waccan. In haɗin sabulun ya yi ƙarfi da yawa, sinadarin ya saki gaba ɗaya ya gangara inda babu mai iya cimma sa.

Ni baƙuwa ce, ba a ba ni izinin shiga filin ba. Yashin ake kawo mini, in cusa a dogayen kwalabe in yi ta gwada haɗi. Sau ɗaya ka zo ɗakin gwajin. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce, “Ashe wanki kika zo koyo a Sin, Habiba.”

Da wasanni suka matso aka tsaurara biza. Ka yi ta zarya, amsar ɗaya ce, “meyo”, wato babu. Ka sallama shagonka ga wani, ka fara ɗaure kaya.

Baba ya bugo ya ce in biyo ka, mace ba ta zama ita kaɗai a ƙasar da ba ta da kowa. A lokacin duk haɗin da na gwada ya lalace, ba ni da abin nunawa. Na riga na ciro akwati. Ina zaune ka karɓi wayar ka ce masa, “Baba, ku bar ta ta ƙarasa. In wani abu ya same ta, ni za ku tambaya.” Washegari ka kai ni wurin Hajiya Rabi, 'yar Maraɗin nan mai sayar da abinci a titin Huanshi Lu, ka damƙa mata ni. Ba ka bari na raka ka filin jirgi ba, ka ce ina da aji.

Bayan wasu watanni wani haɗi ya yi. Ruwan ya fito daga kwalbar da dattinsa, ƙasan yashin kuma fes. Na kira ka kana tsakiyar kasuwa, hayaniya ta hana ka ji. Ka ce, “Madalla, ki ci abinci dai.” Da wannan haɗin aka fara gwaji a filin. Sai daga baya Inna ta gaya mini kasuwarka ba ta sake miƙewa ba tun dawowarka, kuma duk wata sai Baba ya yi maka faɗa a kaina. Ba ka taɓa faɗa mini ba.

Na kammala na dawo, muka yi shekara biyu tare kafin ciwon ajali ya tafi da kai.

Makon jiya wata da muka yi aji ɗaya ta aiko mini saƙo. An rufe rijiyar ƙarshe da ake duba ruwan tsohon barikin da ita, gwaji ya nuna ya gyaru. Ta haɗo da hoto: benaye, shanya a baranda, wata tsohuwa tana tura jikanta a keke. Karon farko ke nan da na ga filin. Na zagaya gidan nan da waya a hannu, Yayana, ina neman wanda zan nuna wa ya gane, daga baya na zauna a bakin gado.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara, Ya raya abin da ka bari.

Ƙanwarka,
Habiba