Sai Kun Cika Goma

Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki, ya nauyi? Ya Injiniya? Allah ya raba lafiya.

Rubutu na zaɓa maimakon kira, don kin san da na ɗaga waya Umma za ta zo ta tsaya a kaina tana gyara min magana. Yanzu haka a ofishin malamai nake, na ture littattafan ɗalibai gefe.

Bizar Umma ta fito, tikiti yana hannu, jirginta zai tashi ranar Alhamis, nan da kwana goma sha bakwai. Abu ɗaya ya rage, allurar rigakafin shawara. In babu katin ba za ta shiga ƙasar da kike ba, katin kuma ba ya aiki sai allurar ta kwana goma a jiki. Umma ta ce an yi mata tun tana budurwa. Na yarda, amma katin ya bi ruwan da ya taɓa shiga gidanmu, kuma a filin jirgi ba a karɓar rantsuwa.

Asibiti ɗaya ke yin ta a nan, Litinin da Alhamis kawai. Kwalba ɗaya ta mutum goma ce, in an buɗe ta ba ta kwana, saboda haka ba sa buɗewa sai mutum goma sun zauna a benci. Yau muka je da sassafe, na ƙirga masu jira har sau biyu, goma cif da Umma. Na ce alhamdulillahi.

Ashe na yi saurin godiya. Nas ɗin tana fitowa da faranti sai Umma ta miƙe, ta gyara gilashi.

"Yarinya, ina firjinku?"

"Yana ciki, Mama."

"Mu gani. Daren jiya an ɗauke wuta. Maganin nan in ya sha zafi ruwan banza ne, gara a ɗura wa mutum ruwan randa."

A gaban kowa fa, Yaya! Da ƙarfi, irin muryar da take kiranmu daga bakin titi. Suka shige ciki. Minti ashirin tana duba ma'aunin sanyi da takardar da ake rubuta shi, ta fito tana murmushi, wai komai lafiya lau, firjin da hasken rana yake aiki. Kafin nan wani ɗan kasuwa da ke ƙarshen benci ya ɗauki jakarsa, ya ce shi ba za a gwada ruwan randa a jikinsa ba, ya cika wandonsa da iska. Na bi shi har bakin ƙofa ina roƙo, ko waiwaye bai yi ba.

Saura tara. Nas ta mayar da kwalba firji. Mutum takwas suka bi mu da harara har muka fita, Umma kuwa ko a jikinta. A hanya ma cewa ta yi yarinyar tana da tsafta.

Shekara talatin da biyar tana yi wa mutane allura, an yi ritaya amma hali zanen dutse. Ki yi mata magana, ni na gaji.

Ƙaninki,
Auta

*

Talata

Auta,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, in ka cire wasiƙarka.

Ina kwance na karanta, don likita ya hana ni ko sauka daga gado. Jinina ya ƙi sauka, kai kuma ka ƙara masa. Sun tsayar da ranar tiyata, Asabar, kwana biyu bayan saukar Umma. Ba za a ɗaga ba, tikitin kuma ba irin wanda ake canja wa rana ba ne. Ka gane ko in sake faɗa?

Tun wata biyu nake ce maka ku je ku yi allurar nan, kana cewa ana jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kai sai ka ji ƙarar jirgi kake neman wuƙa. Kuma ka san halinta, me ya hana ka zauna kusa da ita ka riƙe mata mayafi? Na san inda ka tsaya, can bakin ƙofa, nesa da farantin allura. Ba tun yau ba.

Bari in gaya maka gaskiya, tsoro nake ji. Injiniya yana ƙoƙari, amma jiya da na ce marata na ciwo, shi ya fara zufa, ni na koma ba shi haƙuri. Ba ni da kowa a nan. Ina so in buɗe ido bayan tiyata in ga fuskar Umma, ko da faɗa take yi wa nas.

Na kira ta, ta yi min alƙawarin ba za ta ce uffan ba ranar Alhamis. Kai kuma ka ɓoye gilashin a aljihunka. In ba ta gani, ba za ta duba ba.

Ka gaida kowa.

Yayarka

*

Alhamis

Yaya,

Gaisuwa da fatan kin tashi da sauƙi. Ki gyara filo kafin ki ci gaba.

Umma ta cika alƙawari. Gilashi yana aljihuna, baki a rufe, ta zauna ta harɗe hannu kamar an kawo ta kotu. Ko gaisuwar mutane da kai take amsawa. Sai dai mutum bakwai suka zo. Muka zauna tun bakwai na safe har sha biyu, fanka tana juya zafi, duk wanda ya leƙo sai mu zuba masa ido kamar ya zo da kyauta. Ɗaya mai shara ne, ɗaya kuma banɗaki yake nema.

Na je na sami nas ɗin, na kwantar da murya, na ba ta labarinki kaf. Na ce ta buɗe ta yi wa bakwai, ragowar ukun a zubar, wa zai sani? Ta cire abin rufe hanci ta dube ni, sannan ta dubi Umma.

"Mama ba ta gane ni ba. A hannunta na yi koyon aiki. Ranar da na buɗe kwalba saboda mutum shida, a gaban marasa lafiya ta tsayar da ni, ta ce duk ɗigon da na zubar hannun wani na hana. Har kuka na yi. Ita ta koya min, ni kuma ban taɓa karyawa ba."

Na juya ina jiran Umma ta ce wannan da ne, yanzu lalura ce. Kin san me ta yi? Ta karɓi gilashinta daga aljihuna, ta ƙare wa nas kallo, ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Kada ki buɗe."

Yaya, na rasa inda zan sa kaina. Wadda ake roƙo dominta ita ke goyon bayan mai hanawa!

Ni malamin lissafi ne, ga lissafin. Litinin mai zuwa zuwa ranar tashi kwana goma ne daidai, babu rarar ko yini ɗaya. In Litinin ba a cika goma ba, shi ke nan, sai dai ki ga Umma a waya. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, don ba na so in ɓoye miki.

Ki yi haƙuri da zancen wata biyun nan. Kin fi ni gaskiya.

Auta

*

Juma'a

Zuwa ga 'yata,

Bayan sallama irin ta addini da addu'ar Allah ya sauke ki lafiya, ina fata kina shan maganinki a kan lokaci, kina kwanciya ta gefen hagu, kin kuma rage gishiri kamar yadda na ce. Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa zufa ba ta jinya.

Da hannuna na rubuta wannan, ƙaninki zai ɗauki hotonta ya aiko miki. Na san yana kai miki ƙarata. Tun jiya yake kumbure-kumbure, ya bar min abinci a kwano.

Ban yi nadamar duba firji ba. Zan shiga inda jariri sabon haihuwa yake, ba zan shiga da takarda a hannu da ruwan banza a jiki ba. Abin da na yi nadama shi ne ɗaga murya, wannan kam kuskurena ne. Yarinyar nan kuma da ta ƙi buɗewa, da ta buɗe da na ji kunya.

Kada ki ɗauka ban damu ba. Na karɓi 'ya'yan mutane da ban san adadinsu ba, na riƙe hannun matan da ban taɓa gani ba har suka sauka. A ce ranar taki ina nan zaune ina kallon waya? Tun Litinin abinci ba ya min daɗi. Ban gaya wa ƙaninki ba don shi ba a ba shi damuwa ya riƙe, zubarwa yake yi.

Goma suke so, za su sami goma. Shekarar da aka yi gangamin wannan allurar, ni na bi unguwar nan gida gida. Na san wanda aka yi wa, na san wanda uwarsa ta tura ƙarƙashin gado ta ce min ya tafi wajen kakarsa. Duk sun girma, suna nan da gemunsu, kuma ina bin su hannu.

Ki kwantar da hankalinki, jininki ya sauka.

Mahaifiyarki

*

Litinin

Yaya,

Salam. Da hannun dama nake rubutu, na hagun ba ya ɗaguwa. Za ki ji dalili.

Asabar da Lahadi Umma ta saka farin takalminta na aiki ta bi layinmu shago shago, ni ina biye kamar ɗan rakiya. Ta fara da tela. "Kai, bayan buhun gawayi aka ɓoye ka, ƙafarka na gani." Ya daina taka keke, ya yi tsuru-tsuru. Mai gyaran babur ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ta ce sauro bai san da haka ba. Mai aski ne ya fi ba mu wahala. Mutumin da ke yini da reza a wuyan mutane, ya ji allura ya ce yana da baƙi. Wanzami dai ba ya son jarfa. Umma ta zauna a kujerar askinsa ta ce ba ta tashi, kwastomomi na tsaye suna dariya, sai da ya rantse zai zo. Ta ƙara da direban motar makarantarmu da matar mai kanti. Ta gaya musu gaskiya kuma, cewa amfaninsu ne, amma ita ma tana da buƙata.

Yau duka biyar ɗin suka zo, mai aski har da sabuwar riga. Matafiya uku muka tarar. Biyar da uku takwas, da Umma tara.

Tara, Yaya. Ƙarfe goma, tara. Sha ɗaya, tara. Na fita titi na tare mutum biyu, ɗaya ya ɗauka ɗan damfara ne ni. Sha biyu saura kwata nas ta fara kallon agogo, mai gyaran babur ya fara cewa ya bar shago a buɗe. Na dawo na tsaya a wurina na bakin ƙofa, raina a ɓace, na ce wa Umma, "To ga shi nan. Da kin yi shiru ran nan da yanzu mun manta."

Ba ta yi fushi ba. Ta matsa ta buga benci da tafin hannu.

"Zo ka zauna. Kai ne na goma."

"Ni? Ai an yi min tun ina yaro."

"Wa ya yi maka?"

"Ke mana."

"Ban yi ba." Ta yi ƙasa da murya, karo na farko a asibitin nan. "Kana shekara huɗu, watan da babanku ya rasu. Na ɗauko allura, ka riƙe min zane kana kuka kana kiran Baba. Na yi wa 'ya'yan mutane, naka hannun na kasa. Na ce gobe. Goben ce ta kai yau. Na zagi iyayen waɗannan a kan abin da ni ma na yi."

Tela ya sunkuyar da kai. Ni kuwa haushi da tausayi suka haɗu suka rufe ni. Shekara ashirin da shida ina yawo ina cewa ni ɗan nas ne, an gama min komai!

Ba zan yi miki ƙarya ba, na dubi ƙofa. Tana kusa, a buɗe take. Sai na tuna kin ce kina so ki buɗe ido ki gan ta. Na zauna.

Nas ta fasa kwalba. Ni aka fara yi wa, wai kada in canja ra'ayi. Umma ta kama kaina ta kifa a kafaɗarta yadda take yi wa jarirai, tana cewa, "Kalli can, kalli can." Mai aski zai gaya miki na yi ƙara. Ƙarya yake, tari ne. Shi da aka zo kansa sai da direba ya riƙe shi.

Umma aka yi wa a ƙarshe. Ta miƙa hannu, ta buɗe baki za ta gyara wa nas riƙon sirinji, sai ta rufe. Kati yana hannuna, da hatimi da kwanan wata. Na saka shi cikin fasfo, na kulle a durowata, makullin yana wuyana.

Ki ce wa Injiniya ya je filin jirgi da wuri. Kin san in ta jira shi, zai ji a jikinsa.

Ƙaninki mai ciwon hannu,
Auta

*

Lahadi

Auta,

Salam. A taƙaice, don ɗinki yana ja.

Namiji ne, lafiya lau. Na buɗe ido, fuskarta na fara gani, tana yi wa wata nas bayanin yadda ake naɗe jariri, ba mai jin yaren wani.

Yau da safe aka zo yi masa allurarsa ta farko. Na ce, "Umma, ba za ki duba firji ba?" Ta ce ta riga ta duba. Ita ta riƙe shi. Ya tsala kuka, na ga idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sake shi ba sai da aka zare.

Ta ce in gaya maka, wannan ba ta ce gobe ba.

Yayarka