Tsinken Mudi

Ƙaura Namoda,
6 ga Maris, 1978

Zuwa ga Inna Alheri,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya ƙafar, yaya aikin ɗakin magani?

Inna, addu'arki ta karɓu har ta so ta yi mana yawa. Ikilisiyar da kika bari da mutum tara, yanzu ma'aikatan reluwe da iyalansu sun cika ta, Tibi da Ibo da mutanen Jos, har wasu a taga suke jin wa'azi. Sabon gini ya kai rufi.

Kin tambayi Mudi na Badarawa, wanda nake yi wa karatu duk Alhamis a kasuwar Shinkafi. Yana nan lafiya, yana girma cikin bangaskiya. Ki ci gaba da ambatonsa.

Ɗanki,
Ishaya, mai bishara

Zurmi,
19 ga Maris, 1978

Ɗana Ishaya,

Na gaishe ka da aiki. Ƙafa tana nan yadda ka san ta, ba ta kai ni ko bakin tasha.

Na yi murna da labarin rufi. Amma ashe wasiƙarka har lahira take ɗauko labari? Shekaranjiya wata mata ta zo karɓar maganin tari, Tasalla, ta ce ta dawo gidan ubanta a Gurbin Ɓore tun da mijinta ya rasu da kaka. Na ce wane ne mijin? Ta ce Mudi na Badarawa.

Wata biyar ke nan ina durƙusawa da ƙafar nan ina roƙa wa mamaci ƙarfin zuciya.

Ta ce duk Alhamis sai ya saka Littafinsa Mai Tsarki a aljihun taguwa ya taka zuwa Shinkafi, ya zauna gindin tsamiyar nan ta bayan masu jakai, tun hantsi har la'asar. Ka san bai iya karatu ba. In ya dawo ta tambaye shi, sai ya ce, "Malam na nan tahe, ayyuka na sunka riƙe shi." Maƙwabtansa Musulmi ne suka yi jinyarsa, su suka rufe shi, Allah ya saka musu.

Ban yi fushi ba tukuna. Ina jiran in ji daga bakinka.

Innarka,
Alheri

Ƙaura Namoda,
2 ga Afrilu, 1978

Inna,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ni da fuskar gaishe ki.

Rabona da tsamiyar nan tun damina. Dattawa suka sa aikin gayya na gini ran Alhamis, na ce mako biyu ne kawai. Mako biyu ya zama wata takwas. Ban san ya rasu ba, amma wannan ba hujja ba ce, don ban tambaya ba. Na rubuta miki "lafiya" ne don kada ki ce me ya hana ni zuwa.

Akwai abin da ya fi wannan. Da farkon kaka ya biyo motar gyaɗa ya zo har Ƙaura. Ina kan tsani ina ɗora azara. Ya ɗaga Littafin ya nuna mini tsinken da muke sa alama da shi inda muka tsaya, yana tari. Ban sauko ba, Inna. Daga sama na ce masa, "Alhamis mai zuwa."

Ran Lahadi na tsaya gaban mutum ɗari da wani abu, na rufe Littafin na koma na zauna ban yi wa'azi ba. Ina ganin in ajiye aikin nan. Ki faɗa mini gaskiya.

Ɗanki mai laifi,
Ishaya

Zurmi,
10 ga Afrilu, 1978

Ishaya,

Na gaishe ka. Kada ka ajiye komai, gudu ba tuba ba ne. Ni ma ina da nawa kason, don shekara shida ina roƙon a cika muku benci, ban taɓa roƙon a ba ka ƙafar sauka daga tsani ba.

Littafin yana hannun Tasalla, tsinken yana inda kuka bar shi. Ta ce tana so ta ji abin da mijinta ya yi ta jira haka. Idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe yanzu. Za ta dawo wurina ran Alhamis.

Ban ce mata kana zuwa ba. An riga an faɗa wa mutum ɗaya wannan maganar.

Innarka,
Alheri